Daga Katagum Zuwa Azare: Neman Mai Ɗinke Jirgin Faiba

Duk wanda ya sauka garin Katagum da bazara, ya gangara bakin kogi, ya tarar yara suna wasa a kan rairayi, shanu kuma suna ƙetarewa ruwa bai kai musu gwiwa ba, da wuya ya yarda in an ce masa nan da wata huɗu wurin nan ba ya ratsuwa sai da jirgi. Amma fa haka halin Kogin Jama'are yake. Daga duwatsun Jos yake tasowa, ya wuce Jama'are da Katagum, ya haɗu da Kogin Haɗeja wajen Gashuwa, daga nan su zama Kogin Yobe su nufi Tafkin Cadi. Da damina ta nutsa sai ya cika ya batse, ya raba manomi da gonarsa.

A wani ƙauye da ke bakin wannan kogi kawuna yake sana'ar fito. Da na je gaishe shi a bazarar 1445 ta Hijira ban ga wani abin damuwa ba, amma da na koma a bazarar 2025 sai na iske babban jirginsa a kife gindin tsamiya, kaji suna shan inuwa a ƙarƙashinsa. Ya ce mini, "Ɗana, tun ambaliyar bara kututture ya tsaga masa ciki. Kafinta ya duba ya ce ƙusa ba ta kama shi, mai walda ya ce wuta za ta cinye shi." Ambaliyar da yake nufi ita ce ta watan Agusta 2024, wadda har ta yanke babbar hanyar Kano zuwa Maiduguri kusa da Azare. Tun daga sannan da wani tsohon kwalekwalen katako yake fito, ana tuƙi ana kwalfe ruwa da ƙwarya.

Hankalina bai kwanta ba, domin mutanen ƙasar nan ba su manta da abin da ya auku cikin Nuwamba 2020 a ƙaramar hukumar Itas/Gadau ba, inda kwalekwale ya kife a Kogin Buji, mutum 18 suka rasu. Hausawa kuwa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Saboda haka na ɗauki alkawarin nemo mai gyara tun ruwa bai sauko ba.

Ya kamata mai karatu ya san abin da ake kira jirgin faiba. Ba katako ba ne, ba kuma ƙarfe ba. Zaren gilashi ne siriri ake shimfiɗawa kamar tabarma, a jiƙa shi da wani irin ruwan gam mai kauri, a ɗora wani a kan wani, har ya daskare ya zama jiki guda. Ba ya tsatsa, gara ba ta cinsa, ya kuma fi na katako rashin nauyi. Illarsa ɗaya ce: in ya fashe, sai wanda ya san sirrinsa.

To, ina za a sami wannan mutum? Kowa na tambaya sai ya ce in tafi Azare. Dalili kuwa tarihi ne ya kawo shi. Katagum ita ce birnin da Malam Zaki ya kafa a zamanin jihadi, kuma a nan Turawan nan biyu, Clapperton da Dokta Oudney, suka iske Sarki Ɗankauwa cikin Janairu 1824. Amma a 1916 aka mai da gadon sarauta Azare, wajen kilomita 69 kudu. Fada ta tashi, kasuwa da ma'aikatu da masu sana'a suka bi ta. Yau Katagum ce hedkwatar ƙaramar hukumar Zaki, Azare kuwa ta ƙaramar hukumar Katagum. Watau kogi ya zauna inda yake, gwanaye suka koma bakin kwalta.

Na isa Azare da hantsi, na fara da layin masu walda. Suka yi mini dariya, ɗaya ya ce, "Malam, a garin da ba kogi kake neman asibitin jirgi?" Na wuce wurin kafintoci, suka ce in da na katako ne da sun toshe shi da tsumma da kwalta. Wani yaro mai liƙin robar babur ya ce zai narka roba ya shafe tsagar, na yi godiya na ƙara gaba. Wani mai gyaran jikin mota ya ce zai cike ta da ƙullin da suke gyara lotsawar mota da shi. Har na fara ciniki, sai wani direba da ke zaune a gefe ya ja ni waje ya ce kada in kuskura, domin ƙullin nan yana shan ruwa, wata rana a tsakiyar kogi zai ɓanɓare. Shi ne ya kwatanta mini rumfar wani dattijo a bayan gari. Matambayi ba ya ɓata.

Na same shi bayan la'asar yana ɗinke bambar mota, warin gam ya cika rumfa. Ashe da ƙuruciyarsa ya yi shekaru a Fatakwal, a wurin da ake ƙera irin waɗannan jirage, kuma tun da ya dawo gida ba wanda ya taɓa kawo masa jirgi. Na ce, "Baba, in ɗauko hayar mota in kawo shi?" Ya ce, "A'a, yaro. Jirgi mai ciwo ba a wahal da shi a kan hanya. Likita ne ke zuwa." Ya rubuta mini kayan aiki, muka aika Kano aka sayo.

Kwana shida ya yi a ƙauyen. Ranar farko bai taɓa gam ba, sai ƙwanƙwasa jikin jirgi yake da ƙotar guduma yana saurare. Inda ya ji amon ya mutu, nan ruwa ya shiga tsakanin shimfiɗu. Da haka ya gano ciwon da ya fi tsagar haɗari: katakon da aka ɓoye cikin bangon baya, wurin rataya inji, ya ruɓe ya zama kamar dusa. Ya sassaƙe shi duka, ya sa sabo. Ita kuwa tsagar ya gurje bakinta da faɗi, ya bar ta ta bushe sarai, kana ya dinga shimfiɗa zare yana jiƙawa, yana matse iska, falle bisa falle. Da asuba yake aiki, cikin inuwa, domin zafin rana yana sa gam ya daskare kafin a gama shafawa. Maganin da ke daskarar da shi kuwa ɗigo-ɗigo ake sawa. In ya yi yawa faci ya tsattsage, in ya yi kaɗan ya ƙi kamawa. Ƙurar aikin tana da ƙaiƙayi fiye da na gero, shi ya sa ya ɗaure wa jikan kawu ƙyalle a hanci kafin ya miƙa masa samfefa.

Ran na bakwai muka kai jirgi wani gurbi mai sauran ruwa, muka loda masa buhunan rairayi ya kwana. Da gari ya waye cikinsa a bushe. Kawu ya shafa facin, ya ce, "Da tsohuwar zuma ake magani."

Abin da na taho da shi daga wannan tafiya shi ne: ana ta kira ga masu fito su bar jirgin katako su koma na faiba, kuma kiran yana kan hanya. Amma jirgin da ba shi da mai gyara a kusa, tsaga guda ta isa ta mai da shi akurkin kaji. Duk mai niyyar taimakon mutanen bakin kogi, in ya sayi jirgi, ya haɗa da koya wa matasa biyu ko uku gyaransa, tun irin dattijon nan suna da sauran ƙarfi. Jikan kawu dai ya bi shi Azare koyon aiki. Allah Ya kawo mana damina mai albarka, Ya fitar da kowa lafiya, amin.