Wutar Tambutu Da Garar Gidajenmu

Ya ku 'yan'uwa masu karatu, muna so mu ba ku labarin wata hasara da ta same mu, wadda har yau zafinta bai bar zuciyarmu ba.

Sa'ad da mahaifinmu ya rasu, Allah Ya jiƙansa, ya bar mana adaka cike da littattafan rubutun hannu na fiƙihu da nahawu da tauhidi. Muka kulle ta a ɗakin ajiya, muna cewa sai mun sami sukuni. Damina bakwai ta wuce. Ran da muka buɗe, sai muka tarar gara ta shiga ta ƙasa ta cinye fiye da rabi. Muhtasar Halil, wanda kakanmu ya kwafa da hannunsa, ya cika gefen shafukansa da sharhi, ya zama turɓaya.

Abin da ya ƙara mana kunya shi ne, muna cikin waɗanda suka fi kowa ɗaga murya lokacin da labari ya zo daga Tambutu ta ƙasar Mali a watan Janairu na 2013, cewa 'yan bindigar da suka mamaye birnin sun cinna wa littattafai wajen 4,000 wuta a Cibiyar Ahmad Baba kafin su gudu. Ba baƙin abu aka ƙone mana ba, domin kakan shi Ahmad Baba, wato Ahmad ɗan Umar Aƙit, ya zauna a Kano ya karantar bayan dawowarsa daga Hajji. Shi kansa Ahmad Baba ya ɗanɗani irin wannan ɗaci: bayan rundunar Maroko ta ci daular Songai a 1591, aka kai shi Marrakush a ɗaure a 1594, aka wawashe littattafansa 1,600.

To, amma mafi yawan littattafan Tambutu sun tsira. Tun cikin 2012 Abdulƙadir Haidara da iyalan da suka gaji ɗakunan karatu suka riƙa zuba su cikin akwatunan ƙarfe, ana fitar da su a ɓoye, waɗansu a mota, waɗansu a kwalekwale ta kogin Neja, har dubu ɗaruruwa suka isa Bamako. Sun sayar da rayukansu domin takarda. Mu kuwa, da babu mai bin mu da bindiga, ɗaga adaka daga ƙasa ya gagare mu. Abin da wancan ya yi da ashana a rana guda, shi muka yi da sakaci cikin shekara bakwai.

Saboda haka, ya kai ɗan kasuwa mai lissafin hajarsa kowace yamma, da kai ma'aikaci mai tsare fayil, in akwai gafakar magabata a gidanku, ku fito da ita yau. Ku kakkaɓe ta, ku ɗora ta bisa kanta nesa da danshi, ku ɗauki hoton kowane shafi. Wajen rabon gado kada a yayyaga littafi guda a raba wa magada. In riƙonsa ya fi ƙarfinku, ku nemi shawarar masana a wurare irin su Gidan Arewa da ke Kaduna.

Abin da ya saura a adakarmu yana gabanmu yanzu, muna bin sa shafi shafi. Allah Ya gafarta mana sakacinmu, Ya jiƙan waɗanda suka rubuta. Wassalam.