Tambayar da Likita Zai Iya Amsawa

Wani dare ɗiyata 'yar shekara biyu ta farka jikinta zafi rau. Cikin firgici na tura wa wata likita da na sani saƙo ta WhatsApp: "Yarinyata ba lafiya, me zan ba ta?" Sai ta amsa mini da tambayoyi: Shekarunta nawa? Nauyinta fa? Tun yaushe? An auna zafin? Me aka riga aka ba ta? Kafin mu gama kai-komo rabin sa'a ta shuɗe, yarinya tana ta kuka a kafaɗar mahaifiyarta.

A daren na gane cewa likitan da ke can nesa ba ya ganin majinyaci, ba ya taɓa goshinsa. Abin da ka rubuta kaɗai yake da shi. Mai ɗaki kuwa shi ya san inda yake masa yoyo.

Saboda haka idan za ka yi tambaya, faɗi shekaru da nauyi, domin da nauyi ake auna wa yaro farasitamol. Faɗi lokacin da ciwon ya fara, da lambar da ma'aunin zafi ya nuna. Daga digiri 38 zazzaɓi ne. Ambaci amai, gudawa, tari ko ƙuraje. Faɗi duk maganin da aka ba shi, har na gargajiya, da yawansa da lokacinsa, ka haɗa da hoton kwalin. Idan akwai sikila ko asma, kada kunya ta sa ka ɓoye.

Sai dai akwai halin da ba a tsayawa rubutu. Yaron da ke jijjiga, ko ya kasa shan nono, ko yake amayar da komai, ko ya ƙi farkawa sosai, da jaririn da bai kai wata uku ba ya yi zazzaɓi, asibiti ake nufa da su nan take. Zazzaɓin cizon sauro ma ba a tabbatar da shi ta waya, sai an gwada jini, kuma gwajin gaggawa na ɗan yatsa ba ya wuce kamar minti 20.

Washegari muka yi gwajin, ya nuna cizon sauro ne, aka ba ta magani ta warke. Tun daga ranar, nauyinta na rubuce a bayan katinta na asibiti, ma'aunin zafi kuma yana kusa da gado. Allah Ya ƙara mana lafiya.