Gizo Ya Shiga Waya

'Yan'uwana mata, ina so in ba ku labarin wani ɗan zaure da muka buɗe a nan Gwiwa, ko wata ta ga abin ɗauka a ciki.

Kowa ya sani a da, in an yi sallar lisha an ci tuwo, yara su kan kewaye tsohuwa a tsakar gida ta yi musu tatsuniya. Abin da ba kowa ya lura da shi ba, tsohuwar nan ba hadda take biyawa ba. Kakata ta yi mana labarin Gizo da Ƙoƙi ya fi a ƙirga, amma ba ta taɓa maimaita shi iri ɗaya ba. In wani yaro ya saci nama da rana, to, daren nan Gizo nama zai sata. In ta ga mun soma gyangyaɗi sai ta jefo Dodo. Watau nan take take ƙagawa, tana duban fuskokinmu. Wannan gwaninta ita nake jin tsoron ɓacewarta. Tatsuniyoyin kansu kam an adana su, gama wani Bature, Frank Edgar, ya tattara har littafi 3 tsakanin 1911 da 1913, marigayi Ibrahim Yaro Yahaya kuma ya buga Tatsuniyoyi da Wasanni domin 'yan makaranta. Amma fa takarda ba ta ganin mai gyangyaɗi.

Abin da ya zaburar da ni kuwa tashen azumin bara ne. 'Yan mata suka shigo mana da wasan Mairama da Daudu, ɗaya ta sa rigar maza, suka yi waƙarsu daidai. Sai na tsokani mai rigar, na ce, "Kai Daudu, ina cefanen yau?" Yarinya ta yi tsuru tsuru, ta rasa ta cewa. A zamaninmu da ta ba ni amsar da za ta sa gida duka ya kwashe da dariya.

To, yaya za a yi? Matan aure ba sa yawon dare, 'ya'yanmu kuma aure ya watsa su, wata tana Kazaure, wata Roni, wata Babura, wata can Kano. Sai 'yar ƙanwata ta buɗe mana zaure a WhatsApp, mu 14, daga mai jika har 'yar aji uku. Da saƙon murya muke yi, saboda haka wadda ba ta karatu ma ba a bar ta baya ba. Ga shi ma dai intanet ɗin yanar gizo ake ce mata, ashe gidansa muka kai shi.

Ga yadda muke yi. Ɗaya ta ɗauko labari ta yi minti ɗaya ta tsaya, ta kira sunan wata, ita kuma ta ɗora daga nan. Doka ɗaya ce mai tsanani: abin da 'yar'uwarki ta miƙo miki ba ki da ikon ƙin karɓa. In ta ce Gizo ya auri 'yar sarkin aljanu, ya aura ke nan, sai ki san yadda za ki yi da bikin. Ranar Talata a kan ba mace abu uku, misali ludayi da jaki da takalmi wari ɗaya, ta haɗa su a labari. Ranar Asabar kuwa kwaikwayo muke yi, wata ta zama dillaliya wata mai sayen atamfa, ko wata ta zama malamar asibiti wata uwar yaro mai zazzaɓi. Gwaggo ta kafe sai bayan lisha za a riƙa aikawa, wai mai tatsuniya da rana ɓacewa yake a kasuwa. Muka yi dariya, muka kuma bi ta.

Wasu sun ce wannan shiririta ce, ba ta dace da matan aure ba. Ni ban yarda ba. Tun da can matan gidajen sarauta suna yin wasan gauta, su kwaikwayi sarki da fadawansa, sarki ya kalla ya ga halinsa. 'Yan wasan rediyo da talabijin na Kaduna ma, irin su Usman Baba Pategi, Samanja, wanda ya rasu a 2023, galibi ƙashin labari ake ba su, su sa masa nama da bakinsu.

Amma kada in ɓoye muku, zauren ya kusa watsewa a wata na biyu. Wata ta yi labarin Kura mai ƙwashe naman miya, ta siffanta ta har da wushirya, kowa ya gane kishiyarta take nufi. Kafin gari ya waye wani hannu ya tura muryar waje, ta isa kunnen maigidan. Mata 3 mazansu suka fitar da su, ɗaya har yau ba ta dawo ba. Sa'an nan muka ƙara doka biyu: ba habaici da mutumin da aka sani, wadda kuma ta fitar da muryar wata an sallame ta. Duk mai niyyar buɗe irin wannan, lalle ta kafa su tun ranar farko, ta kuma tabbata kowace ta shaida wa maigidanta.

Amfanin da na gani da idona shi ne na wata amarya da a da in ta kai yaro asibiti sai ta sunkuyar da kai, uwar miji ta yi bayani a madadinta. Ta yi wasan malamar asibiti da mu sau huɗu. Da ɗanta ya yi gudawa kwanan baya, ita kaɗai ta je, ta faɗi ranar da ya soma da abin da ya ci, har ta tambayi yadda ake haɗa ruwan gishiri da sukari.

Matsalarmu yanzu caji da kuɗin data. Wani lokaci labari ya kan tsaya kwana biyu ana jiran mutum ɗaya. Yau dai Gizo yana cikin rijiya a Roni da tulun sarki a kansa, Gwaggo ce da fito da shi, wayarta kuwa tana wurin mai caji tun shekaranjiya.