Gemu Ba Ya Hana Ilimi

A Falgore aka haife ni, cikin ƙasar Rogo. Mahaifina manomi ne, bai yi boko ba. In takarda ta zo sai ya kira ni in karanta masa, shi kuwa ya dangwala babban yatsa. Ina yaro nakan ji kunyar wannan abu a raina. Ban san ciwon da yake ji ba sai da na kai shekara 46.

A shekarar 2014 maigidana na Kantin Kwari ya aike ni Guangzhou, a ƙasar Sin, in sayo kaya. Ranar da na sauka na zama makaho da ido biyu. Rubutu ko'ina, a bango, a mota, a ƙofar kanti, amma ko ɗaya ban iya karantawa ba. Na yi cinikin zare, aka rubuta 400 da wata alama a gefe, na sa hannu ina murna na sami arha. Da kaya suka iso Kano muka auna, kilo 200 ne. Ba wanda ya cuce ni. Alamar nan sunanta jin, rabin kilo ke nan, kilo kuwa da alama biyu ake rubuta shi. Na ji kunya a gaban maigidana da mutanen da muka yi wa alkawari. Daren nan na tuna da yatsan Baba.

Da na koma na sayo littafi mai gidaje murabba'i irin na 'yan firamarensu. Rubutun Sin ba a, b, c ba ne. Kowace alama tana da ma'anarta da sautinta, sai mutum ya san wajen dubu uku kafin ya karanta jarida. Akwai pinyin, wato rubuta sautin da haruffan boko, wanda gwamnatinsu ta amince da shi a 1958, amma ba shi ake rubutawa a takardar ciniki ba.

Na fara da masu sauƙi. Zane ɗaya a kwance, ɗaya. Biyu, biyu. Mutum ƙafafu biyu ne kawai, in ya buɗe hannuwa ya zama babba. Itace biyu kurmi ne, uku daji. Rana da wata in sun haɗu, haske ke nan. Goma kamar gicciye take, shi ya sa Sinawa ke kiran gicciye katakon alamar goma. Kowane zane da lokacinsa: daga sama zuwa ƙasa, daga hagu zuwa dama, na kwance kafin na tsaye. In ka saɓa, alamar ta karkace kamar zanar da iska ta buga.

Na kuma gane wata hikima tasu. Da yake ɗan zane kaɗan yana mai da ɗaya ta zama goma, suna da waɗansu lambobi masu wuyar rubutu domin takardun kuɗi, don kada a yi musu ƙari.

Kowane dare bayan tuwo nakan rubuta alama biyar, kowace sau ashirin. 'Yata takan zauna kusa tana dariya, ta ce, "Baba, wannan ai sawun kaji ne." Yanzu ita ke yi mini gyara. Na san wajen ɗari shida. Jarida ta fi ƙarfina, amma ba na sa hannu a kan abin da ban karanta ba.

Mahaifina ya rasu ban roƙe shi gafarar kunyar nan ba. Ya ku masu karatu, in akwai dattijo a gidanku da ke miƙo muku takarda ku karanta masa, ku karanta da ladabi. In kuma yana so, ku zauna ku nuna masa yadda zai rubuta sunansa.