Zuwa Ga Mai Lamba Tara Na Dugabau

Abokina,

Ta ina zan fara? Da fushin da nake yi da kai, ko da wanda nake yi da kaina?

Ka tuna yammacin kaka, in an gama yankan dawa, mu share gona mu kafa kara mu ce raga ce? Ƙafarka ta hagu duk kaushi da faso, amma da ita ka hana 'yan Garo da na Gude barci. Ko sisi ba a taɓa biyan ka ba. Ladanka ruwan leda ne da ihun yara. Shekarun da Kano Pillars ta ɗauki kofi uku a jere, 2012 zuwa 2014, mukan yi karo-karon kuɗin mota mu tafi Ƙofar Mata. Jama'a na ta "Sai Masu Gida", kai kuwa ka yi tsit, ƙafar Rabi'u Ali kawai kake kallo. A hanyar dawowa ka ce wata rana kai za a zo kallo.

Ni na kashe maganar. Na ce ƙwallo ba ta riƙe gida, ga Inna ga ƙanne. Ni na raka ka Kabo karɓo takardar shaida, ni na ranta maka kuɗin zuwa Zariya inda ake horar da kuratan soja. Me ya sa ka ji maganata? Kai da a fili ko mun yi ta kiran ka ba ka ba da ƙwallo, sai ranar ce ka ga damar yin biyayya?

Wayarmu ta ƙarshe mai tsawo a Yunin 2018 ce, ranar da Ahmed Musa ya zura wa Ayislan biyu a Rasha. Muryarka har ta dushe. Ka ce kun haɗa ƙungiya a sansani, kuna bugawa da manyan takalman soja. Na yi ta dariya. Ban tambaye ka ko kana samun barci ba, ko kana jin tsoro. Ka yafe mini.

Ranar 18 ga Nuwamban shekarar aka afka wa sansaninku na Metele a Borno. Rundunar soja ta ce mutum 23 aka rasa, wasu kafofin labarai suka ce sun fi haka nesa ba kusa ba. Mu dai ɗaya muke nema. Ba mu ga gawarka ba, ba mu sallace ka ba, tabarma kawai muka shimfiɗa a ƙofar gida aka yi ta shigowa gaisuwa. Ka sha wuya? Ka samu kalmar shahada? Wa ke kusa da kai?

Allah ya jiƙan ka, ya sa Aljanna ce makomarka. Duk kuma wanda ya zauna da abokina a Metele ya ga wannan wasiƙa, don Allah ya zo Dugabau. Mahaifiyarsa na nan da rai, tana da tambayoyi.