Kano zuwa Mumbai: A fim daƙiƙa biyar ce, a zahiri kwana muka yi a hanya

A fim, tafiya ba ta da wuya. Jarumi ya ɗauki jaka, a nuno jirgi ya tashi, a yanke, sai ga shi a wata ƙasa ko hularsa ba ta karkace ba. To mai karatu, ni dai na je Mumbai, cibiyar finafinan Indiya, kuma jikina ya gaya mini.

Tsakanin Kano da Mumbai, in an miƙe ta sama, kusan kilomita 6,900 ne. Amma babu jirgin fasinja da ke miƙewa. Dole ka yada zango, ni kuwa ta Adis Ababa na bi. Mun bar filin jirgin Malam Aminu Kano bayan Azahar, muka yi wajen awa 4 da rabi a sama. Agogona na cewa 6 na yamma, na Habasha na cewa 8 na dare, don sun riga mu da awa 2. Muka yi zaman jira na kamar awa 3, sannan muka sake tashi, muka ƙetare tekun Arebiya cikin awa 5 da 'yan kai. Jimilla, awa 12 da wani abu.

A nan ne na tafka wauta. Indiya tana gaban Nijeriya da awa 4 da rabi, ni kuma ban gyara agogon hannuna ba. Mun sauka gari ya waye, agogo na nuna ƙarfe 2 na dare. Ina isa masauki na ce bari in ɗan runtsa, ai da saura.

Abin da ya fi ja na zuwa garin shi ne silimar Maratha Mandir, inda tun 1995 ake haska Dilwale Dulhania Le Jayenge na Shah Rukh Khan da Kajol, kullum da 11:30 na safe, in ka cire lokacin da korona ta rufe silimu. Fim ɗin da muka kalla a kaset har ya fara ja! Na farka agogona na cewa 8, na yi wanka a tsanake har da waƙa. Ashe 12:30 ce ta rana a Mumbai. An yi nisa ba ni. Da washegari ce ranar komawata, da kuɗin jirgina ya tafi a banza. Allah Ya taimake ni ina da sauran kwana biyu, na je na zauna cikin matasan da ke karanto maganar jarumi kafin ya buɗe baki, tamkar 'yan kallo a Fage.

Kada kuma ka ɗauka saukar jirgi ce ƙarshen tafiya. Daga wannan silima zuwa Film City da ke Goregaon, inda aka ɗauki ɗimbin finafinan da muke kwaikwayo, gosulo sai ya cinye maka fiye da awa guda.

Ga furodusoshi da 'yan wasanmu masu burin zuwa: ka tanadi biza da katin rigakafin shawara tun a gida, don za a tambaye ka. Kada ka sa wa kowa alƙawarin ganawa a ranar da ka sauka. Ni sai a kwana na uku na daina jin yunwar tuwon dare da ƙarfe 1 na tsakar daren Mumbai.