Jan dankali a garkar bayan gida

A ƙasar Kurfai, aikin damina ɗaya ne: hatsi da wake. In kaka ta yi kyau, gida ya zauna lafiya. In ta ƙi, samari su ɗaura kaya su nufi Yamai, ko Legas, ko Kwatano, sai ruwan shuka ya sauka su komo. Ga labarin wani magidanci na wani ƙauye kusa da Filinge, wanda ya nemi wata hanya dabam.

Wata shekara damina ta ɗauke tun hatsi bai cika ido ba. Da ya ƙidaya dammunan da suka shiga rumbu, ya ga ba za su kai iyalinshi bazara ba. Yana da mace ɗaya da ɗiya shida. Babban ɗanshi, saurayi ne da bai taɓa fita ba, ya zo ya durƙusa ya ce: "Baba, abokaina za su tafi Kwatano bayan kasuwar Lahadi. Ina son ka yi mani izini." Uban ya daɗe bai ce komi ba. Shi ma ya yi cin rani da ƙuruciya, ya san kwanan tasha da ciwo a garin da ba ka da kowa. Daga baya ya ce: "Ka ba ni wata ukku. In abin da nake nufi bai yi ba, ni da kaina zan raka ka tasha."

Abin da yake nufi shi ne dankalin turawa, mai jar fata. Bayan gidanshi, wajen gangaren fadama, akwai tsofuwar garka da rijiya wadda ruwanta ba shi da nisa. Wannan albarkar Dallol Boso ce, tsohon kwarin da ya ratsa Kurfai da Imanan da Tagazar. Mutanen Bonkuku, cikin Imanan, bisa hanyar Filinge zuwa Balleyara, sun daɗe da gane amfaninta. Noman dankali ya bunƙasa wurinsu bayan farin 1973 da na 1984, musamman lokacin da shugaba Seyni Kunce, ɗan Fandu, ya yi kira ga talakawa su kama noman rani. Asalin dankalin kuwa daga duwatsun Andes ne, wajen ƙasar Peru. Turawa suka kai shi ƙasarsu cikin ƙarni na 16, daga can ya iso Afirka.

Iri shi ne wuyar aikin. Ana kawo shi daga Turai, yawanci Faransa da Holan, kuma yana da tsada. Dalili, wanda aka girbe a nan ba ya jure ajiya tun daga Maris har Nuwamba cikin zafi, kuma cututtukan da ƙwari masu tsotson ganye ke sa mashi suna rage ƙarfinshi kowace shekara. Maigidan ba shi da kuɗin akwati ɗaya na kilo 25. Abin sayarwa guda ne a gidan: akuyar matarshi.

Ta ce: "Maigida, akuyar nan ita ce asusuna. In dankalin ya ƙi fa?" Ya ce: "In ya ƙi, bashi ne bisa wuyana har in biya." Ta ce: "To, in ya yi, mace za ka maido mani, ba bunsuru ba." Ran Lahadi aka kai akuya kasuwar Filinge.

Bai yi wa kanshi girman kai ba. Ya hau mota ya tafi Bonkuku, domin zuwa da kai ya fi saƙo. Can ya samu wani tsoho mai garka, ya gaishe shi, ya ce: "Baba, tambaya na zo yi." Tsohon ya nuna mashi irin da ake kira Rosanna. Fatarshi ja ce, cikinshi rawaya-rawaya. Akwai wasu jajayen, kamar Désirée, wanda aka fitar a Holan a 1962. Tsohon ya ce: "Ɗana, dankali ɗan ɗari ne. Sai dare ya yi sanyi yake yin ƴaƴa. Wanda ya shuka a Nuwamba ko farkon Disamba ya ci ɗari duka. Wanda ya kai Janairu, zafin Maris zai tarar da shi, ya samu ganye ba ƙwai."

Da ya komo, shi da ɗan suka gyara darni saboda awaki. Suka kafce ƙasa da kalme, suka zuba takin da ya ruɓe sarai, don ɗanyen taki yana kiran gara kuma yana ƙone tsiro. Irin kuwa aka baje shi cikin ɗaka, wurin da haske ke shiga ba rana ba, har ya fid da tsiro gajeru masu ƙwari. Wanda bai wuce ƙwan kaza ba aka bar shi sukutum. Manya aka tsaga su da wuƙa mai tsabta, kowane yanki da ido biyu, aka shafa toka, aka bar su cikin inuwa har bakin yankan ya bushe. Aka shuka da marece, zurfin faɗin hannu, santimita 30 tsakanin rami da rami, santimita 60 tsakanin layi da layi.

Daga nan sai ban ruwa. Ƙasar dallol rairayi ce, ba ta riƙe ruwa. Kullum da asuba, cikin hunturu, uba na jan wasaki, ɗa na ɗaukar bokiti. Hannuwansu suka tsage. Ɗan ba ya magana, sai dai in motar kasuwa ta wuce ya tsaya ya bi ta da kallo. Wajen kwana goma sha biyu tsiro ya fasa ƙasa, kore shar. Da ya kai tsawon taƙi ɗaya, suka tara mashi ƙasa a gindi, bayan sati biyu suka ƙara. Wannan tarin ƙasa shi ke ba ƴaƴan wurin girma, shi ke kuma ɓoye su ga rana. Dankalin da rana ta taɓa yakan koma kore, yana da ɗaci, yana da dafi, ba a ci, ba a ba yara.

Ba duka ya yi ba. Layi biyu na kusurwar gabas suka fara yaushi da rana tsaka, ko da ƙasa na da danshi. Malamin gona da ya zo ya tambayi abin da aka shuka wurin a da. Aka ce tumatir. Ya ce tumatir da yalo da tonka da dankali dangi ne, ciwonsu guda, kuma yana zama cikin ƙasa. Ya sa aka tumɓuke waɗanda suka kamu, aka ƙone su bayan darni, aka hana ruwan wurin gangarawa ga sauran. Daren nan maigidan bai yi barci ba. Yana ta lissafin akuya. Amma ciwon ya tsaya nan.

Wajen kwana 80 ganye ya soma rawaya yana kwanciya. Aka tsai da ban ruwa kwana goma, don fata ta yi ƙwari. Alamar nuna ita ce a murza da babban yatsa: in fatar ta saluɓe, da saura. Ranar tono, tun da sassafe gida duka ya fito. Aka sa kalme daga gefen kunya, a hankali, don wanda aka sara ba ya ajiyuwa. Gindin fari da ɗan ya ɗaga, sai ga jajayen ƙwai guda takwas kwance cikin farin rairayi. Ya kirga su sau biyu, ya yi dariya. Ƙanana suka bi baya suna tsintar na ɓoye. Ba a wanke ba, ba a bari a rana ba, aka kai inuwa aka ware masu rauni don tukunya. Kilo 25 ya ba da buhu biyar na kilo 50.

Sai kuma kasuwa ta nuna halinta. Cikin Fabrairu da Maris kowa ke tono, motoci na ɗiba zuwa Yamai, farashi ya faɗi. Maigidan ya sai da buhu ukku, don ba shi da ikon jira. Ya sayi hatsi, ya sayi ƴar akuya mace, ƙarama ga wadda aka sayar. Matar ta duba haƙoranta ta ce: "Ta yi, sauran cikon sai baɗi." Buhu biyu da suka rage aka baje bisa rairayi mai tsabta cikin bukka mai shan iska da duhu. Kowane sati ana dubawa, ana fid da mai ruɓa da wanda tsutsa ta huda. Rabi aka ci da miya, rabi aka sayar bayan wata guda da ɗan ƙarin kuɗi.

Garkar ba ta mai da shi mai arziki ba, kuma ba ta maye gurbin gonar hatsi ba. Amma rumbu ya kai shuka, ba a ci bashin ɗan kasuwa ba, kuma ɗan yana gida aka yi sharar gona da shi. Bai ce ya fasa Kwatano har abada ba. Abin da ya ce shi ne: "Baba, in za mu sake, mu nemi iri tun Oktoba, kuma kusurwar gabas a ba albasa."

Uwar tana sussuka tana jin su. Ta ce tun da da akuyarta aka fara, baɗi layi huɗu nata ne, ita za ta sayi irinta, kuma ita za ta riƙe kuɗinta. Maigidan ya ce Allah ya kai mu.